Inda Ruwa Ke Cinye Murya

A ƙauyenmu da ke gefen Minjibir, in ana zancen teku to Hure ce mai baki. Ta yi zaman aure a Legas da marigayi mijinta mai fataucin goro, ya kuma taɓa kai ta bakin ruwan. Wannan zuwan ne take ta gutsura wa mata shekara da shekaru kamar tsaraba, har yau bai ƙare ba. Ko ruwan sama aka tafka ya cika kududdufin bayan gari, mata na ta mamaki, sai ta taɓe baki ta ce, “Wannan ai na alwala ne.” Abin da ta fi maimaitawa shi ne rugugin. Wai in kana tsaye a bakinsa, ko ihu na kusa da kai ya yi ba za ka ji ba, ruwa ya cinye muryar.

Allah bai ba Hure haihuwa ba. Da ta dawo gida bayan rasuwar mijin, ƙanenta Sama'ilu ya ɗauki 'yarsa ta fari, Tahira, ranar da aka yaye ta, ya miƙa mata riƙo. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajen biyu. Tahira ta tashi tana kiran Hure Inna. Ita kuwa Aina'u da ta haife ta, kunyar 'yar fari ta sa ko sunanta ba ta faɗa. In ta kama dole sai ta ce “'yar gidan Yaya”.

Tahira ta auri Naziru mai sayar da albasa a Badagiri, wani gari a bakin teku can bayan Legas. Da cikinta ya tsufa likita ya hana ta doguwar tafiya, don haka babu zancen zuwa gida haihuwa, sai dai a tura mai yi mata wankan jego. Hure ba ta jira an tambaye ta ba. Ta daka yajin jego har unguwa ta ɗauki atishawa, ta ƙulla kanwa da kuka da daddawa, ta kakkaɓe tsohuwar jakarta ta ajiye a bakin gado.

Tana zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa Sama'ilu ya yi sallama, ya tsuguna yana sosa ƙeya.

“Yaya, an yi waya da yaran nan. Aina'u ce za ta je.”

“Madalla,” in ji Hure. Ta ci gaba da ɓara, amma har ƙwayar take murƙushewa.

Kishi ne ya turnuƙe ta, ba wani abu ba. Wa ya yi jinyar ƙyanda? Wa ya sayar da akuya ya ɗinka kayan makaranta? Wa ya kwanta da yarinyar nan a gado ɗaya yana ba ta labarin teku, har ta ce, “Inna, in na girma zan kai ki ki sake gani”? Yanzu ga yarinya a bakin tekun, ga jika na tafe, sai a tsallake ta a ɗauki matar da ko yatsan yarinyar ba ta taɓa riƙewa a gaban mutane ba. Abin da ya fi cin ta shi ne tunanin ko Tahira ce da bakinta ta zaɓa.

Washegari da hantsi sai ga Aina'u da kwanon fura. Mace ce marar hayaniya, ko dariya za ta yi sai ta kare baki da gefen mayafi. Ta zauna a bakin tabarma.

“Yaya, na zo ki ba ni haske. Kin san ni ko Kano sai da dalili nake shiga.”

Hure ta gyara zama. Da fari gaskiya ta faɗa mata. Ta tafi da geronta na kunu, don can rogo ya fi yawa. Iskar garin danshi gare ta, wanki ba ya bushewa da wuri, daddawa kuwa in ba a rufe ta ruf ba fumfuna za ta yi. In za a bakin ruwa kada ta sa takalmin kirki, yashi zai cika shi.

“Kuma kada ki kuskura ki juya masa baya. Yakan ja da baya kamar ya tafi, ki bi shi, ya dawo ya share ki.”

Aina'u ta zaro ido. Hure ta ga tsoron nan, ya kuwa yi mata daɗi har cikin rai. Daga nan bakinta ya ƙi tsayawa. Ta ce ƙaguwar can girman ƙwarya ce, kuma har ɗaki take shiga. Ta ce ba a zuwa ko'ina sai a kwalekwale, su kuma matuƙan ba su san a hankali ba. Ta ce ruwan ya san baƙo, ya fi kuma son mutanen tudu da ba su iya iyo ba.

“Har gidan nasu, Yaya?”

“Garin ai duk ruwa ne,” in ji Hure, wadda ko hanyar Badagiri ba ta taɓa takawa ba.

Aina'u ta yi godiya ta tafi, har ta manta da kwanonta.

Washegari Sama'ilu ya dawo. “Yaya, me kika gaya wa baiwar Allahn nan? Ko tuwo ta kasa ci. Ta ce ita ta fasa, ke ki je.”

“Ni me na ce? Shawara ta nema na ba ta.”

Yana fita ta janyo jakarta tana 'yar waƙa. Da la'asar ta zaga gidan ƙanen nata don ta karɓi saƙon da za a kai. Ta tarar da Aina'u a ɗaki tana kwashe kaya daga sabuwar jakar da aka sayo mata. Daga can ƙasa ta fito da wani tsohon zanen saƙi, ya koɗe amma an wanke shi tas, yana ƙanshin turaren wuta. Hure ta gane shi. Da shi aka goyo Tahira aka kawo mata ranar yaye, aka sauke yarinya aka koma da zanen.

“Ki tafi da shi a goya abin da aka samu,” in ji Aina'u.

Hure ta karɓa. Sai kuma abin da ke cin ta ya kufce mata. “Tahira ce ta ce ke take so?”

“A'a. Ke ta ce. Ni na roƙa.”

“Ke? Ke da ko gaisuwarta ba kya amsawa da kyau?”

Aina'u ta sunkuyar da kai tana murza bakin jaka. “Yaya, ta katangar nan nake jin kina kiranta, safe da yamma, tun tana tatata har aka kai ta ɗaki. In kin kira sai in tsayar da daka in saurara. Na yi kishinki, Allah ya sani, amma da wane baki zan faɗa? To kullum kina cewa a bakin teku ko ihu mutum ya yi ba a ji. Shi ne na ce in na je, bayan arba'in in sa su kai ni. Ba wanda ya san ni a can, ba kuma mai ji. In kira sunan nan ko sau ɗaya ne in ji yadda yake a bakina.” Ta share ido da mayafi. “Amma ruwan da ke bin mutum har gida, ba zan iya ba.”

Hure ta tsaya riƙe da zane. Ta samu abin da take so, har da ƙari, tunda ashe ita yarinyar ta zaɓa. Amma daɗin ya ƙi zama. Ta cilla zanen cikin jakar Aina'u.

“Mayar da kayanki. Ƙaguwar ba ta fi tafin hannu ba, kuma ita ke gudun mutum. Gidajensu a kan ƙasa suke kamar na kowa. Ki tsaya inda yashi yake a bushe, ruwa ba zai taɓa ki ba. Zancen juya masa baya ne kawai gaskiya, wannan ki riƙe.”

“Yaya…”

“Ban gama ba. Yarinyar nan ba ta shan kunu da zafi, sai ya huce. In ta ce ba komai, to akwai komai. In tana jin ciwo ba ta kuka, yatsun ƙafa take lanƙwashewa, can za ki duba.” Sai ta ɗaga murya. “Ki aiko a ɗauki yajin. Naki ba ya da citta, na ɗanɗana.”

Aina'u ta tafi, Tahira ta sauka lafiya, aka samu namiji. Hure ta yi murna, amma kishin bai bar ta ba. Duk hoton da aka turo wayar Sama'ilu sai ta samo aibu: an naɗe yaro da yawa, an bar mai jego ba ɗankwali.

Bayan arba'in, tana tuyar ƙuliƙuli da yamma, wayarta ta yi ƙara. Tana ɗauka ta ji rugugin nan da ta yi shekaru tana kwatantawa.

“Inna, kin ji shi?” in ji Tahira. “Mun zo. Saura ke, na yi alkawari.”

Kafin Hure ta amsa, sai wata murya ta taso daga nesa ta cikin ƙarar ruwan, muryar da ba ta taɓa jin an ɗaga ba.

“Tahira! Tahira!”

Hure ta ji numfashin Tahira ya sauya, ta san yanzu haka yatsun ƙafarta sun lanƙwashe cikin yashi.

“Inna, ni take kira.”

“To amsa mana, uwarki ce,” in ji Hure. Ta goge ido da bayan hannu, ta juya ƙuliƙulin da ya fara ƙonewa. “Kuma ki gaya mata ta rage murya, ana ji har Minjibir.”