Tsiro a Kunnen Baba

Auta ta ajiye wa Baba kofin shayi a kan keken ɗinki, sai idonta ya sauka kan wani farin zare da ya leƙo daga ƙarƙashin hularsa. A shagon tela zare ba abin mamaki ba ne. Ta kai hannu ta ja.

"Wayyo! Ke, kunnen za ki cire min?"

Ta ɗaga hular. Saiwa ce, fara sol, ga ɗan koren ganye yana leƙowa ta gefen filasta, kunnen kuwa ya kumbura ya yi jawur.

"Innalillahi! Baba, gona ka buɗe a kunne?"

Ita ta kai shi asibiti tun watan jiya saboda ciwon baya. Likita ta manna masa ƙananan ƙwayoyin iri a kunne da filasta, ta ce ya riƙa dannawa don rage ciwon bayan, sati na zagayowa ya koma a canza. Tun daga nan kullum cewa yake ya je, baya kuma ya warke sarai. Shi ya sa Yaya, babban ɗansa, ya fasa sayar da keken, bayan ya rantse ba zai bar tsoho ya ƙarasa kansa a kai ba.

"Ba ka koma ba ke nan. Ruwan wanka da zufa suka yi ta shayar da su!"

"Rage murya, ja'ira."

"Me ya hana ka?"

Baba ya kawar da kai. "Matar nan sai ta ce in sunkuya in taɓa gwiwa. Kuma yayanki ya ce shi zai raka ni, ya gani da idonsa."

Ta saki almakashi a ƙasa, daidai ƙafarsa.

"Ɗauko min, Baba."

Ya fara sunkuyawa. Bai kai rabi ba ya ƙame, ya dafe teburin keken, zufa ta karyo masa.

Sai ga ƙarar babur ɗin Yaya a ƙofar shago. Baba ya janyo hula yana neman rufe kunnen, idonsa na roƙonta.

Auta ta riƙe hular gam.

"Yaya!" ta ƙwala kira. "Kada ka kashe babur ɗin. Asibiti za mu."