Turmin Gogo da Na'urar Raliya

Na'urar da Raliya ta haɗa ba ta fi akwatin ashana girma ba. Aikinta auna motsi komai ƙanƙantarsa, irin wanda tauraron ɗan'adam ke yi a sararin samaniya idan hasken rana ya ɗan tura shi. Ɗakin gwajin jami'arsu yana bakin titi, tireloli na girgiza shi, shi ya sa ta roƙi malaminta, Dakta Nicodemus, ya zo gidansu a cikin garin Yola ya gani. Idan layin da na'urar ke zanawa a kan kwamfuta ya kwanta shiru, zai sa ta cikin masu zuwa Abuja aikin ƙaramin tauraro. In bai kwanta ba, sai baɗi.

Da ya zo, ta ajiye na'urar a kan simintin ɗakinta, ta kunna. Layin ya kwanta. Can sai ya fara tsalle, sama, ƙasa, sama, ƙasa.

"Raliya, na'ura kika haɗa ko ɗan akuya?" in ji Dakta.

Ta sunkuyar da kai. Ta san wannan tsallen. Gogo ce, yayar babanta, take dakan fura a bayan gida, don ta ji an yi baƙo. Da taga a rufe kunne ba ya ji, amma ƙasa tana ji. Kuma wa ya isa ya ce wa Gogo ta ajiye taɓarya alhali baƙo bai sha komai ba?

Dakta ya fara laluben makullin motarsa.

"Malam," ta ce, murya can ƙasa, "daka ake yi. Gogo ta kusa gajiya. Edith maƙwabciyarmu za ta karɓa. Ta fi sauri, amma hannunta ba nauyi."

Layin ya tsaya. Sai ya dawo da ƙananan tsalle, a gaggauce.

Dakta ya zagaya bayan gida. Ga Edith da taɓarya, ga Gogo tana share gumi da bakin zane.

"Mama, don Allah a ɗan dakata."

"A dakata? Kai da ka taso tun daga Jimeta da ciki wayam? Zauna, ɗana," in ji Gogo.

Ya zauna. Sai da ya shanye kwanon fura, aka ƙara masa nono, sannan aka kifa turmi. Da suka koma ɗaki, layin yana kwance kamar tabarma.

"Shirya kayanki," ya ce. "Amma kada ki gaya wa 'yan Abuja da turmi muka gwada."

Gogo ta leƙo. "To can saman, wa zai riƙa yi wa na'urar dakan?"