Lauya da Aradu

Dokar kulob ɗin tanis ba ta da kwana-kwana: duk wanda ya haura sittin, in aka fitar da shi a zagayen farko na gasa, sai a mayar da shi rukunin dattawa, inda ake buga ƙwallo kaɗan, a yi hirar hawan jini da yawa. Wani tsohon lauya a kulob ɗin ya haura sittin, ƙuri'a kuma ta haɗa shi da wani saurayi da ake kira Aradu.

"Baba, ko a shigo maka da kujera cikin fili?" in ji Aradu, yana murza damtse.

"Na gode, ɗana. Fara bugawa."

Da farko Lauya ko ganin ƙwallon bai yi ba, ƙararta kawai yake ji a jikin shingen wayar da ke bayansa. Matarsa, da ke zaune a benci, ta soma neman makullin mota.

Sai dai samarin nan da inji suke atisaye, wanda ke feso musu ƙwallo da ƙarfi, daidai ƙugu, kullum wuri ɗaya. Ba wanda ya taɓa ba su ƙwallo mai kasala. Shi kuwa Lauya a neman ɗage shari'a ya yi furfura. In akwai abin da ya ƙware a kai, jinkiri ne. Sai ya daina ramawa. Ya riƙa tara raket kawai yana cilla ƙwallon sama, ta tafi a hankali kamar takarda a ofishin gwamnati, ta sauko lokacin da ta ga dama.

Aradu ya tsaya jira, jiran kuwa ya ba shi lokacin tunani, abin da bai saba ba. Ta farko ya narka ta a raga, ya yi asarar maki. Ta biyu ta tsallake katanga, ta sami motar wani bawan Allah.

"Haba Baba, ka buga kamar namiji mana!"

"Ai ina bugawa, ɗana. Kai ne ba ka dawo mini da ita."

Haka aka yi ta yi har gumi ya jiƙa Aradu sharkaf. A bugun ƙarshe ya zuba duk ƙarfinsa, ya daki iska, ƙwallon ta dira kusa da takalminsa.

Dattawa suka miƙe suna tafi, iya waɗanda gwiwa ta bari. Lauya ya ɗaga musu hannu daga nesa, bai yarda ya matsa kusa ba. Ya tambayi alƙalin wasa da wa zai kara gobe. Aka nuna masa wani dogon yaro da ya daina dariya tuntuni.