Farfesun Gwiwar Saniya

Bilya dai ya tafka ta. A can ƙasar waje da suke zaune, baƙi ya yi daga unguwar Bukit Jalil, ya buɗe firji ya ga gwiwar saniya a leda, ya ce madalla, ya zabga mata attarugu ya yi farfesu. Sai da gari ya waye matarsa Zulaihatu ta leƙa firjin.

"Abban Hanan, ina gwiwar da na ajiye?"

"Ai jiya muka sha romonta. Wallahi ta yi daɗi."

"Innalillahi! Aikina ka cinye!"

Ba wasa take ba. Ranar ce za ta gwada bincikenta gaban kwamitin jami'a a Lembah Pantai. In ba su gamsu ba, a rufe aikin, ta koma Kano ba digiri. Kuma a kan guringuntsin gwiwar nan za ta yi gwajin.

Bilya, mai sayar wa ɗalibai daddawa da kuka, bai taɓa gane me take yi ba, amma ya gane ya jawo masifa. Da silifas ya fita. Ya zaga mahautan unguwar Sentul kaf, sai can wani dattijo ya ce, "Boleh lah," wato ba matsala, ya sara masa sabuwar gwiwa.

Ya iso ɗakin gwajin yana haki, gumi sharkaf. Farfesar da ke kula da aikin ta dube shi, ta dubi ledar, ta bar shi ya tsaya daga bakin ƙofa.

Zulaihatu ko kallonsa ba ta yi ba. Ta yanki guringuntsi, ta nutsa shi cikin ruwa, domin haka ake aikin gwiwa a jikin mutum. Ta fara da tsohuwar hanya: harbi ɗaya mai ƙarfi na hasken leza, wanda ido ba ya gani. A allon kwamfuta Bilya ya ga kumfar tururi ta kumbura ta fashe, gefen ramin da ta bari a guringuntsin ya yi kaca-kaca, har inda ba a nufa ba ya tsage.

"Wannan tsagewar," in ji ta, "ita majiyyaci ke ɗingishi da ita."

Sannan ta raba harbin biyu. Ƙaramin ya fara buɗe hanya a ruwan, babban ya bi ta ciki kafin ta rufe. Rami ya fito sumul, ba tsaga ko ɗaya. Wani ɗan kwamiti ya ce ta sake, ta sake. Ya cire tabarau ya matso, ya ce a ci gaba da aikin.

Kai! Daɗi ya kama Bilya har ya rasa inda zai sa kansa. Farfesar ta juyo ta tambaye shi ko shi ne mai kawo nama.

Ya gyara tsayuwa cikin silifas ɗinsa.

"A'a, ranki ya daɗe. Mijinta ne."