Kwanan Watan Reshen Kabo

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano kowa ya zama malami, har wanda alwalarsa ba ta kaiwa gwiwar hannu. Cikin irin waɗannan akwai Muhammad Nur, manajan reshen Kabo na wani kamfanin taki da iri. Takwaransa na Gwarzo kuwa Zailani ne, mutum shiru-shiru. Ka taka shi ba zai ce uffan ba, amma wallahi ba ya mantuwa.

A wurin wani suna a Getso abin ya faru. Ana raba goro, sai Muhammad Nur ya zaro rahoton wata na reshen Gwarzo, wanda direban kamfani ya manta a ofishinsa, ya ɗaga sama.

"Jama'a, ku duba mini! Ɗan limamin Sabon Birni ne fa ya buga wannan. Kwanan watan Nasara, da Turancinsa ɓaro-ɓaro. Malam Zailani, yau nawa ga watan Musulunci?"

Zailani ya lalubo a ransa. Bai sani ba. Aka kwashe da dariya. Mahaifinsa, tsohon liman, ya ajiye goronsa a kan tabarma, ya saka takalmi ya tafi tun ba a shafa fatiha ba. Kunyar nan ta ci Zailani har ƙashi, ya rantse a ransa sai ya rama.

Lokacin kuwa tsuke bakin aljihu ake. Hedkwatar kamfanin a Legas ta riga ta sanar cewa tsakanin Gwarzo da Kabo reshe ɗaya za a bari, wanda rahotonsa ya fi nuna ciniki. Kuma gaskiya ɗaya ce, Kabo ta fi ciniki.

To, akwai abin da Zailani ya sani. A manhajar da suke buga rahoto akwai wurin zaɓar harshen da kwanan wata zai fito da shi. Ka zaɓi Larabci, ba sunan wata kaɗai yake sauyawa ba, har shekarar sai ta koma ta Hijira. Ya taɓa gwadawa, washegarin da faifan rahoton ya isa hedkwata, wata ma'aikaciya mai suna Tina ta bugo masa waya daga Legas. Ta ce ya yi maza ya mayar, kwamfutarsu rahoton bana kawai take tattarawa, in ta ga shekarar 1421 gefe take jefa shi a matsayin tsohon tarkace. Ita kaɗai ce mai duba irin wannan, ita ma an sallame ta a ragin ma'aikata.

Sai ga Zailani a Kabo ranar kasuwa, kai a sunkuye, murya ƙasa-ƙasa. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi damina.

"Malam Nur, na zo godiya. Ka tunatar da ni, Allah ya saka. Ashe ma na'urar tana iya buga wata da Larabci. Na ce kafin in sauya tawa, kai ya kamata ka fara, tunda kai ne jagora."

Kai, mutum da son girma! Muhammad Nur har da kiran masu shagunan maƙwabta su zo su shaida. Zailani ya nuna masa wurin, Muhammad Nur da kansa ya danna. Takarda ta fito da Rabi'us Sani rangaɗau, aka yi kabbara. Muhammad Nur ya manna ta a ƙofa, ya ce ko wuya za a yanka ba zai koma wa watan Nasara ba.

Zailani ya koma Gwarzo bai taɓa tasa ba.

Damina ta wuce, Kabo tana sayar da taki kamar ana rabo kyauta, a Legas kuwa ana ganin reshen ko buhu bai fitar ba. Wasiƙa ta zo: a rufe Kabo, a kai kaya Gwarzo. Muhammad Nur ya yi ta buga waya har ya gano dalili, aka ce masa an riga an sa hannu. Da Zailani ya ji, tuwo biyu ya ci don daɗi.

Shi da kansa ya bi babbar mota zuwa kwasar kaya, don ya ga idon mutumin. Ya tarar da ƙofar shagon cike da jama'a. Ashe labari ya zaga gari cewa an kori Muhammad Nur saboda ya ƙi sayar da addininsa. Dattawa sai riƙe masa hannu suke, ana sa masa albarka.

Muhammad Nur ya miƙo makulli. "Tun farko ka san abin da zai faru, ko?"

"Na sani sarai."

"Kana da iyali, ina da iyali, Zailani."

"Ina da uba kuma."

Zailani ya juya ya kira 'yan dako. Babu wanda ya motsa. Ya ƙara kuɗi, suka kau da kai, wani ma ya tofar da yawu. Direba ya ce shi bayansa ciwo yake.

Zailani ya tuɓe babbar riga, ya rataye a madubin mota, ya sunkuya ya ɗauki buhun farko. Nauyi ya danne shi har gwiwarsa ta kaɗa. Jama'ar Kabo suka tsaya suna kallo, ba mai cewa sannu. Ya cije baki ya koma ɗauko na biyu. Ko kusa bai yi nadama ba, kuma ya san daga yau babu mai amsa masa sallama a garin nan.