Ilyas da Saƙon Madawa

Saura wata huɗu ƙanena Ilyas ya gama digirinsa a jami'a, sai ya wayi gari ya ce shi duniya zai gani. Wai shekara guda cur, daga nan Libreville inda muke zaune zuwa Kamaru, Najeriya, Nijar, har Maroko, da jaka ɗaya a baya kamar Bature. Yaron da in aka aike shi unguwar Louis daga unguwarmu Alibandeng sai ya bugo waya ya ce mai tasi ya ɓatar da shi.

Na ce, "Ilyas, ka gama karatun mana, duniyar ba guduwa za ta yi ba."

Ya ce, "Yaya Rabi, ba za ki gane ba. Ina karɓar takardar nan ofis zai haɗiye ni, sai dai ki gan ni da tumbi."

Ni dai ban ga laifin tumbi ba, amma na ja bakina, ina jiran Baba ya tashi gidan da faɗa. Baba ya shanye shayinsa tas, ya ce, "Ta garinmu Madawa za ka bi?" Ilyas ya ce eh, zai leƙa Kaka kwana biyu. Baba ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Ranar Juma'a, a ƙofar masallaci, Baba ya faɗa wa mutum biyu kacal cewa ɗansa zai je gida. Kun san mutanenmu, mai zuwa gida ba ya tafiya da kayansa kaɗai. Kafin la'asar maƙwabciyarmu Ƙulu ta kawo kan keken ɗinki, a kai wa ƙanwarta a Maraɗi. Muhajir direba ya kawo batirin mota, yana cewa ai ba nauyi. Atamfa, wayoyi, maganin ciwon gwiwa, busasshen kifin da ya kori kowa daga falo. Wata tsohuwa daga unguwar Derrière la Prison ta zo da fanka mai tsayuwa, ta sa masa albarka tun bai amsa ba. Wa ya isa ya ce wa tsohuwa a'a? Na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Ranar Lahadi da safe Ilyas na zaune tsakiyar kaya, ya yi tagumi, Baba ya shigo.

"Baba, da gangan ka yi."

"Ni ma ina da saƙo," in ji Baba. "Nawa ba ya cin wuri. In ka je, Inna, kakarka, za ta tambaye ka karatu. Shekara ashirin rabona da gida. Duk sanda ta ce yaushe zan zo, sai in ce mata sai Ilyas ya gama. Ka ce mata ka gama. Ba ta san boko ba, ba za ta nemi takarda ba."

"Ƙarya ke nan fa, Baba."

"Ƙarya ce. Ko ka faɗa mata ita, ko ka faɗa mata saura wata huɗu ka ajiye. Zaɓi naka ne."

Dariyar ta bar ni. Tausayin tsohon ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, don ya ɗora wa yaro abin da ya fi batirin Muhajir nauyi.

Ilyas ya dubi tulin kayan. Can ya miƙe, ya zazzage jakar tafiyar, ya zuba littattafansa ciki.

"Zan gama, Baba. Amma ranar da na karɓi takardar, tare za mu hau mota. Kai za ka faɗa mata da bakinka."

Baba ya kawo uzurin shagonsa. Ya ce shago fa, wa zai riƙe shago?

Na ce, "Ni, Baba."

Ya dube ni, ya dubi Ilyas, ya rasa wanda zai laɓe bayansa. Ranar na fara ganin Baba yana tsoro, tsoron haɗa ido da mahaifiyarsa.