Hannun Baba Akinlolu

A gabana Baba da mai gyara suka shirya, a shagon ɗab'i na Baba Akinlolu da ke Shomolu, inda nake kai takarda. Kwamfutar da ke tura wa injin aiki ce ta ɗauki wani hali: ana tsakiyar bugu sai ta sandare, allo ya cika da farin rubutu. Masu gyara uku sun zo sun tafi. Ta huɗun ita ce Nkemdirim daga Ikeja, ta ce a ba ta sati ɗaya. In ta gano ciwon, gyaran shagunan layin duka nata ne. In ta kasa, kada a sake ganinta da jakar gyara a Shomolu.

Sharaɗinta ɗaya ne. Ta ce ta saita kwamfutar yadda in ta faɗi za ta kwashe duk abin da ke kanta ta rubuta a faifai, a ciki ake ganin abin da ya kayar da ita. Minti ashirin yake ci. Wanda ya zare wayar wuta kafin nan ya share shaida.

"Baba, hannunka nake tsoro, ba injin ba."

"Ke yarinya, tun ba a haife ki ba nake kashe inji in kunna."

Kwana huɗu lafiya lau. A na biyar ana buga takardun jana'izar wata tsohuwa, 'ya'yanta tsaye da ankonsu, motar da za ta kai su Ijebu na jira, sai kwamfutar ta faɗi. Lambar kwashewa ta fara hawa a allo, sai ta kai ɗari za ta gama: goma, talatin. Babbar 'yar ta tambaya ko sai an binne uwarsu za a ba su. Baba ya sa hannu a aljihu, ya fitar, ya mayar. A saba'in da ɗaya ya sunkuya ya zare wayar, ya sake kunnawa.

Nkemdirim ta iso ta tarar da rabin rubutu, ba ya karantuwa. Ba ta yi faɗa ba. Ta jawo benci ta zauna gaban allon kwana biyu, kwamfutar ko tari ba ta yi ba. Sati ya cika, ta ɗauki jakarta.

Baba ya sayo sabuwa a kasuwar Alaba. Kwana goma ita ma ta sandare, har yau ba wanda ya san dalili.

Masu jana'iza sun sami takardunsu, mai kantin Alaba ya yi ciniki. Nkemdirim ta rasa layin, Baba kuma yanzu kwamfuta biyu gare shi, duk masu faɗuwa.